Gemu ba ya hana ilimi: Darasin Kurfai da Tondikandiya ga masu fita neman na kansu

Da zarar an ɗaure dammunan gero an zuba a rumbu a ƙauyukan Kurfai da Tondikandiya, sai hanyar Filinge zuwa Yamai ta cika da motoci. Samari da magidanta, kowa da 'yar jakarsa, suna bi ta Bonkuku da Baleyara, tafiyar kilomita kusan 180 ga wanda ya taso daga Filinge. Wasu a Yamai za su tsaya, wasu su zarce Lome, Akara, Abijan ko Legas, wasu kuma su nufi arewa ta Agadas. Haka ake yi duk shekara tun zamanin kakanni.

Abin da ya canza shi ne aikin da ke jiran su a can. Dako, tura baro, gadi, tallan ruwa da leburanci duk suna nan, amma masu nemansu sun fi su yawa, kuma ayyuka ne da ke cin ƙarfin jiki. Mutumin da ya fara dako yana ɗan shekara 18, in bai ƙara koyon komai ba, zai kai shekara 45 yana karɓar kuɗin da ɗan shekara 18 ke karɓa, alhali ƙarfi ya ragu, iyali sun ƙaru.

Tarihin wannan yanki na jihar Tilaberi yana da abin faɗa game da haka. Daga barikin soja zuwa lambunan dankali, waɗanda suka ɗaga daga inda suka fara su ne waɗanda suka yarda su koma ɗalibai bayan sun girma.

Ƙasar da ake bari don a ciyar da ita

Filinge na bakin Dallol Boso, tsohon kwarin da ya taso daga arewa ya gangara zuwa kogin Isa. Kurfayawa masu magana da Hausa ke zaune a kewayen garin. Kudu da su akwai Imanan, mai hedikwata a Bonkuku, sai Tondikandiya ta Zabarmawa, mai hedikwata a Damana. "Tondi" da Zabarmanci na nufin dutse, kuma duk wanda ya ga tsaunukan da suka yi wa kwarin katanga zai gane inda sunan ya samo asali. Fulani da Buzaye ma sun daɗe a yankin, suna kiwo suna noma.

Damina ɗaya ce a shekara, ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma ba kullum take cika alkawari ba. A 1931 fara da ƙarancin ruwa suka haddasa babbar yunwa a yammacin Nijar, ga harajin Turawan Faransa da aikin tilas. Jama'a da yawa suka mutu, wasu suka tsere zuwa Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Hanyar Kurmi, kamar yadda ake kiran ƙasashen bakin teku, ta zama wani ɓangare na rayuwar kowane gida. A shekarun 1950 Bafaranshen nan mai bincike da shirya fim, Jean Rouch, ya bi sawun 'yan Nijar har Akara da Kumasi, inda ya tarar da su suna dako a kasuwanni da tashar jiragen ruwa, suna aiki a wuraren katako da ma'adinai.

Sai dai ci-rani bai taɓa zama wurin da mutum zai miƙe ƙafa ba. A ƙarshen 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su fice. A farkon 1983 Najeriya ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya. Rikicin Kodebuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 sun maido da dubban 'yan Nijar gida ba shiri, kuma har yanzu Aljeriya na sauke mutane a kan iyaka kusa da Asamaka.

A irin wannan kora, rumfar kasuwa da kayan ɗaki da bashin da ake bin mutane duk a baya ake barin su. Abin da ke ƙetare iyaka tare da mutum shi ne abin da ke kansa da hannunsa. Tela ko makanike ko mai walda da aka koro zai iya aron kayan aiki ya fara daga inda ya sauka. Wanda ya shekara goma yana gadi kuwa, sai ya koma neman wata ƙofar da zai tsare.

Ɗan Fandu da ya yi ta komawa aji

A wannan shekara ta yunwa, 1931, aka haifi Seyni Kountche a ƙauyen Fandu na Tondikandiya, cikin gidan sarauta. Mafi yawan matasan yau sun san sunansa ne ta babban filin wasa na Yamai da gada ta uku da ke kan kogin Isa. Kaɗan ne suka san sau nawa ya koma makaranta kafin ya kai inda ya kai a aikin soja.

Ya yi firamare a Filinge. Daga nan aka kai shi makarantar yaran soja ta Kati, a Mali ta yau, sannan ta Saint-Louis a Senegal. A 1949, yana ɗan shekara 18, ya shiga rundunar mulkin mallaka ta Faransa, wadda ta kai shi fagen daga a Indocina da Aljeriya. A 1957 ya zama sajan.

A wancan zamani, sajan babban matsayi ne ga baƙar fata a sojan Faransa. Da yawa daga cikin 'yan Afirka a nan suke tsayawa, su yi ritaya, su koma gida da fansho da lambobin yabo a ƙirji. Shi kuwa Kountche sai ya koma kan benci. A ƙarshen shekarun 1950 ya shiga makarantar horar da hafsoshi 'yan ƙasashen renon Faransa da ke Frejus, ya fito da muƙamin hafsa. Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agustan 1960, kuma a 1961 ya koma sabuwar rundunar ƙasar, wadda ke matuƙar buƙatar hafsoshi 'yan ƙasa masu horo.

Bai tsaya nan ba. Daga 1965 zuwa 1966, yana da shekara 34, ya sake zama ɗalibi a makarantar horar da manyan hafsoshi a Paris. Da ya dawo aka naɗa shi mataimakin babban hafsan sojojin Nijar, sannan a 1973 ya zama babban hafsan gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya wani babi ne na daban. Ranar 15 ga Afrilun 1974 ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, ya mulki ƙasar da hannun ƙarfe har rasuwarsa a Paris ranar 10 ga Nuwamban 1987. Har yau 'yan Nijar na muhawara a kan mulkinsa: wasu na tuna tsare dukiyar ƙasa da ziyarar ba-zata da yake kai wa ofisoshi, wasu na tuna tsare mutane ba shari'a da toshe bakin 'yan adawa. Juyin mulki ba sakamakon karatu ba ne, kuma ba shi ne abin koyi a nan ba. Abin lura shi ne shekara 24 da ya ɗauka daga ƙaramin soja zuwa babban hafsa, da yadda kowane babban mataki ya zo ne bayan wani zaman aji. Asalin gidan sarauta ya taimaka masa ya shiga lakwal a lokacin da 'ya'yan talakawa ƙalilan ne ke shiga, amma asalin bai zauna masa jarrabawar Frejus ba.

Manoman gero da suka koyi ban ruwa

Ba sai mai kaki ko mai biro ne ke komawa koyo ba. Bayan farin 1984, hukumomin Nijar sun matsa wa jama'a lamba su rungumi noman rani, musamman inda ruwan ƙasa ke kusa. Dallol Boso na cikin irin waɗannan wurare, domin a wasu sassan kwarin ba a yin nisa da haƙa ake cim ma ruwa.

Ga manomin da ya gaji noman gero da wake daga ubansa, lambu sabuwar sana'a ce ɗungurungum. Sai ya koyi yadda ake gyara fangali, da yawan ruwan da kowane amfani ke so, da lokacin sa taki, da cututtukan da bai taɓa gani a gonar gero ba. Magidanta masu furfura sun koya daga malaman gona, sun koya daga maƙwabta, wani lokaci ma daga 'ya'yan cikinsu da suka yi aikin lambu a wasu garuruwa.

Yau Bonkuku ta yi suna a duk faɗin Nijar wajen noman dankalin Turawa, kuma kasuwannin Yamai na cin amfaninta. Koyon kuma bai ƙare ba. Dankali na buƙatar iri mai kyau, wanda galibi daga waje ake shigo da shi da tsada. Kusan kowa na haƙa a lokaci guda, farashi ya faɗi, ga zafi da ke ruɓar da abin da aka ajiye. Saboda haka manomin da ya iya lissafin abin da ya kashe, ya san dabarun ajiya, ya shiga ƙungiyar manoma da ke sayen iri da sayar da amfani tare, ya fi wanda ya iya noman kaɗai samun riba. Daga guga aka koma injin ban ruwa mai shan fetur, yanzu kuma famfo mai aiki da hasken rana na shigowa, kuma kowane sauyi na zuwa da nasa karatun.

Haka abin yake a ɓangaren kiwo. A Tukunus, arewa da Filinge kaɗan, akwai tashar gwaji ta gwamnati da ta shafe shekaru tun 1954 tana inganta irin shanun Azawak, waɗanda suka shahara wajen ba da madara a Sahel. Ɗaliban aikin gona da na likitancin dabbobi na zuwa can neman sanin makamar aiki. Ilimin zaɓen bijimi, rigakafi, ajiyar ciyawa da harawa da kiwon turke na daga cikin abin da ke bambanta dabbar da za ta yi daraja a kasuwar Lahadi ta Baleyara da wadda za a sayar da asara a tsakiyar bazara.

Ranar da sana'a ta tsaya cak

A farkon 2020, bayan mummunan harin da aka kai wa sansanin soja na Inates, hukumomi sun hana zirga-zirgar babura a sassa da dama na jihar Tilaberi, saboda da babura 'yan bindiga ke kai hari. Dare ɗaya 'yan kabu-kabu suka rasa abin yi. Tare da su akwai masu gyaran babur, masu faci, masu sayar da kayan gyara da masu sayar da fetur a kwalba.

Babu wanda ya yi laifi a cikinsu, kuma babu wanda aka shawarta. Amma wahalar ba ta zo wa kowa daidai ba. Makaniken da ya san injin babur kaɗai ya zauna. Wanda ya taɓa sa hannu a injin ban ruwa, janareto ko injin niƙa ya samu inda zai juya, domin ƙananan injuna 'yan uwan juna ne.

Ko ba dokar ta-ɓaci, sana'o'i na sauya kama. Motocin da ke shigowa yanzu ba irin masu kafireta ba ne da ake gane ciwonsu da kunne. Sai an jona musu na'urar gwaji an karanta abin da ta nuna. Birkilan da ya iya karanta taswirar gini da lissafin siminti da rodi shi ke zama shugaban leburori, daga nan ya fara karɓar ƙaramar kwangila. Farantan sola sun shiga ƙauyukan da wutar lantarki ba ta kai ba, kuma suna buƙatar mai haɗawa da mai gyarawa. Gyaran waya sana'a ce da ba ta wanzu ba a ƙauyukan nan shekara 25 da suka wuce. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Karatu da rubutu ne ƙofar farko

Duk waɗannan matakai suna komawa ga abu ɗaya: iya karatu, rubutu da lissafi. Ƙididdigar hukumomin duniya na nuna cewa manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma adadin ya fi ƙasa a karkara da kuma tsakanin mata. Ɗan ci-ranin da bai iya karatu ba sai ya nemi mai duba masa takardar yarjejeniyar aiki, mai karanta masa rasit a ofishin aika kuɗi irin su Nita ko Amana, mai faɗa masa ko takardar zamansa ta ƙare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce ta cuta.

Akwai masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wai ƙwaƙwalwar babba ta riga ta bushe. Wani gwaji da aka yi a nan Nijar ya nuna inda matsalar take. A 2009 da 2010, ƙungiyar agaji ta Catholic Relief Services ta gudanar da azuzuwan yaƙi da jahilci da Hausa da Zabarmanci a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram. A wasu ƙauyukan an ƙara wa ɗaliban darasin amfani da wayar salula: yadda ake gane lambobi da haruffa a jikinta, da yadda ake rubuta saƙo. Masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka suka bi diddigin sakamakon. Ɗaliban da aka koya wa waya sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma bambancin bai gushe ba watanni bayan an rufe azuzuwan.

Dalilin a fili yake. Babba na iya koyo. Abin da ke sa ya manta shi ne rashin inda zai yi amfani da abin da ya koya. Wanda ke rubuta wa ɗan'uwansa saƙo a Abijan ko yake tambayar farashin gero a wata kasuwa, kullum yana bita ba tare da ya sani ba. A yau ma akwai tarko: saƙon murya na WhatsApp ya sauƙaƙa zumunci, amma ya ba mutane da yawa uzurin daina ƙoƙarin rubutu.

Wanda ya yi makarantar allo kuma ba daga sifiri zai fara ba. Ya san harafi, ya san zama gaban malami, ya san haddar darasi da bita. A Kurfai da Tondikandiya, kamar sauran ƙasar Hausa da Zabarma, ba abin mamaki ba ne a ga dattijo da littafinsa a zauren malami bayan sallar Asuba ko tsakanin Magariba da Isha. Al'adar karatu har tsufa tana nan da ranta a fagen addini. Abin da ya rage shi ne a ɗauke ta a kai fagen sana'a.

Inda ake samun horo

A Nijar akwai cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM, waɗanda aka buɗe a ƙananan hukumomi da dama domin waɗanda ba su yi nisa a lakwal ba, inda ake koyar da ɗinki, walda, kafinta, lantarki da kanikanci. Akwai asusun FAFPA da ke ɗaukar nauyin gajerun kwasa-kwasai ga masu koyon sana'a da waɗanda ke kan aiki. Ga masu takardar bakaloriya, ban da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, jihar Tilaberi ta samu tata jami'ar a 2014, wadda ke ɗauke da sunan masanin lissafi Boubakar Ba. Wanda ya bar makaranta kuma na iya zama jarrabawar birebe ko bakaloriya a matsayin ɗalibi mai zaman kansa.

A Najeriya, ma'aikatar ƙwadago ta tarayya na shirya jarrabawar gwajin sana'a mai matakai uku, wadda ke ba mai aikin hannu takardar shaidar abin da ya iya. Irin wannan takarda na da muhimmanci, domin da yawa daga cikin 'yan ci-rani sun ƙware a garejin wani ko wurin ginin wani, amma ba su da abin nunawa in babban kamfani ya buɗe ɗaukar ma'aikata.

Harshe ma jari ne. Kundin da hukumomin Nijar suka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Bakurfayen da ya tashi da Hausa da Zabarmanci, ya tsinci Ingilishi a Akara ko Legas, in ya ƙara da iya rubuta su, ya riƙe abin da masu digiri da yawa ba su da shi.

Abin da ke tare hanya

Faɗar haka ya fi yin sa sauƙi. Wanda ya wuni yana dako ba ya da ƙarfin zama aji da dare. Yaron gareji na iya shekaru yana wanke kayan aiki kafin maigida ya bar shi ya taɓa inji, kuma a duk tsawon lokacin gida na jiran aike. Wannan shi ne babban cikas: watannin koyo watanni ne da kuɗin da ake turawa gida ke raguwa, kuma ba kowane uba ko mata ke iya jurewa ba idan rumbu ya yi ƙasa.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. An rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi a 'yan shekarun nan, malamai sun bar ƙauyuka, iyalai sun yi gudun hijira zuwa manyan garuruwa. Yaran da karatunsu ya yanke a aji uku ko huɗu za su zama magidanta nan da shekara goma. Idan ba a buɗe musu ƙofar komawa koyo a matsayin manya ba, rufe makarantar na ɗan lokaci zai zama hukuncin rai da rai.

Mata kuma su ke riƙe da gida, dabbobi da lambu a watannin da maza ke ci-rani, amma su ne suka fi ƙarancin samun damar aji. Ƙungiyoyin adashi na Mata Masu Dubara, da aka fara a Maraɗi a 1991 suka bazu a faɗin ƙasar, sun nuna cewa matan karkara na koyon tafiyar da asusu da rance idan aka kawo horon inda suke, a lokacin da ya dace da aikinsu.

Duk da haka, akwai abin da ke hannun mutum. Ɗan ci-ranin da ke da zaɓi tsakanin aikin da ya fi kuɗi yau da wanda zai bar shi da sana'a gobe, yana iya zaunar da iyalinsa kafin ya tafi, a yi shawarar ci-rani ɗaya ko biyu na haƙuri. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke Abijan, Lome ko Legas, waɗanda ke tara kuɗi don jinya, jana'iza da ginin masallaci, suna iya ware wani kaso don kuɗin koyon sana'ar ƙannensu. Leburan da ke miƙa wa birkila bulo yana iya tambayar dalilin da ya sa aka ja igiya a nan ba can ba. Matambayi ba ya ɓata.

Idan hadarin farko ya haɗu a watan Yuni, motocin za su juyo daga Yamai, su bi ta Baleyara da Bonkuku, ɗauke da buhunan shinkafa, katifu, rediyo da atamfofin tsaraba. Kafin kaka yawancin kayan sun ƙare ko sun tsufa. A cikin fasinjojin akwai wanda zai sauka da 'yar jakar sufana da na'urar gwajin lantarki, ya kuma san yadda ake aiki da su. Idan famfon sola na lambun ƙauyensu ya tsaya a tsakiyar rani, gidansu za a fara aikawa.